Gwanin Direba, a Bakin Sito Ake Gane Shi

Da zarar kaka ta yi, an fara casar masara a Doguwa, shinkafa ta fara fitowa daga Tudun Wada, wanda ya tsaya a Kwanar Ɗangora zai sha kallon manyan motoci. Suna baro titin Kano zuwa Zariya, su karya kwana su kama hanyar da ta ratsa dajin Falgore ta ɓulla Saminaka da Jos. Su shiga wayam, su dawo a danƙare, tamfol a ɗaure, wasu su nufi Dawanau, wasu su yi Kudu. Da bazara kuma sai lissafi ya juya, takin zamani ne ke shigowa, buhu 600 a bayan tirela guda, tan 30 ke nan, a sauke a Bebeji da Ƙiru da ƙauyukan da ke kewayen madatsar Tiga.

Na san da yawa daga cikinku, ƙannena, wannan kallon ne ya sa muku son mota. Wani ya riga ya bi wani direba yana yaron mota, wani yana dako a bakin sito yana jiran ranar da za a ce ya hau. Sana'a ce mai daraja, ta riƙe gidaje, ta kai mutane Makka, ba kuma a banza makaɗa irin su Mamman Shata suka yi wa direbobi waƙa ba. Amma in na saurari hirarku, gudu ne ke burge ku: wane ya taso daga Kano bayan isha'i, asuba ta yi masa a gari kaza. To miƙaƙƙen titi ba ya nuna gwani, don a kansa mota ce ke yin rabin aikin. Inda ake gane direba shi ne taku ashirin ɗin ƙarshe, sa'ad da zai cusa gindin tirela ta ƙofar da da ƙyar ta fi motar faɗi, katanga a dama, kwalbati a hagu, mutane a baya.

Ku fara sanin abin da ya sa wuraren namu suka matse. Yawancin sito da ƙofofin injinan casar shinkafa na garuruwanmu da lissafin ƙananan motoci aka gina su, kanta da a-kori-kura, in ta yi tsanani gingimari. Lungunan da ke kaiwa gare su kuwa sun girmi mota, don jaki da amalanke aka bar su. Sai ga shi yau ana turo musu tirela mai tsawon fiye da mita 16. DAF ɗin da kuke gani ƙirar Holan ce, MAN ta Jamus, kuma a Turai doka ta ce dole irin wannan mota ta iya juyawa a cikin da'irar da daga tsakiyarta zuwa bakinta mita 12.5 ne. Wato fili mai faɗin kusan mita 25 ake yi mata tanadi. Sito nawa ne a Tudun Wada ke da harabar da ta kai haka, bayan an jibge buhuna a gefe guda, an shanya shinkafa a ɗaya gefen, mai shayi ya kafa teburinsa a bakin ƙofa?

A Turai kuma dandamali ake ginawa daidai tsayin bodi, mota ta jingina da shi, ƙaramar motar ɗaga kaya ta shiga ta fito. Duk da haka hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na rayukan da motoci ke ci a wuraren aiki, a lokacin ribas ake rasa su. Mu kuwa katako ake kafawa a gindin mota, ɗan dako ya saɓo buhu mai kilo 100 ya hau. Ga mai ƙirga buhu, ga mai ɗinki da basillarsa, ga mai kaya, ga 'yar talla. Wurin lodinmu cike yake da mutane, kuma duk a bayan mota suke taruwa, inda direba ba ya gani.

Abu na farko da ya kamata ya zauna maka a kai shi ne tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba. In ka sha kwana, na baya yankewa suke yi ta ciki, gwargwadon tsawon mota gwargwadon yankan. Shi ya sa za ka ga wanda ya san aiki ya buɗe sosai, ya wuce ƙofa da kan mota kamar ba nan zai shiga ba, sannan ya karya. Wanda ya karya da wuri, kansa zai shige lafiya lau, tayar baya ta faɗa lambatu ko ta tafi da ginshiƙin ƙofa. Mota mai jiki ɗaya, irin tifa da gingimari, tana da nata halin: abin da ya zarce tayoyin baya na bodi, in ka karya hagu, dama yake fita. Wannan wutsiyar ce ke share babur ɗin da aka jingine, ko ta matse mutum da bango, alhali hankalin direba yana ɗaya ɓangaren.

Ribas da tirela kuwa karatu ne mai zaman kansa. Kan mota da bodi ƙarfe guda ne ya haɗa su, a kansa suke juyawa. In kana son gindi ya yi hagu, dama za ka fara murza sitiyari, da zarar bodi ya ɗauki hanya sai ka warware ka bi shi. Doguwar tirela tana da jinkirin amsawa. Ka murza yanzu, sai ta yi 'yan taku kafin ka ga alama. Marar haƙuri sai ya ƙara murzawa, ta zo ta amsa gaba ɗaya, kai da bodi su naɗe, kusurwar bodi ta daki ɗakin direba ko tiyon iska ya tsinke. Saboda haka ƙafa nesa da totur, tafiya a hankali yadda mai tafiya a ƙasa zai wuce ka, gyara kaɗan kaɗan. In ta karkace, kada ka yi gardama da ita. Ka ja gaba, ka miƙe ta, ka sake ɗauka.

Akwai kuma zaɓen hannu. Tun ranar 2 ga Afrilun 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, direba a hagu yake zama. In kana ribas kana karya gindi zuwa hagu, kana iya leƙo kai ta taga ka ga bodinka tun daga wuya har wutsiya. In dama ka karya, da zarar bodi ya kauce, madubin dama ba abin da zai nuna maka sai tamfol. Direban kirki ya gwammace ya wuce ƙofar, ya je can gaba ya juyo, ya ɓata minti goma, don dai ƙofar ta faɗo masa ta hagu.

Akwai wani dattijon direba da nake gani yana ɗaukar shinkafa a wani inji a Tudun Wada, kuma da ina da iko da na tara ku ku kalle shi. In ya iso ba ya dosar ƙofa. A bakin titi yake tsayawa, ya kashe rediyo, ya sauke gilasai biyu, ya sauko. Ya taka da ƙafa har inda gindin mota zai tsaya, ya ɗaga kai ya dubi wayoyin wuta, ya dubi bakin kwanon rufi, ya dunguri ƙasa da dunduniya a inda yake shakka. Sai ya ɗauki tsohon buhu ya shimfiɗa a daidai inda yake son tayar baya ta hagu ta taka kafin ya karya. Ya roƙi masu shanya su janye tabarmi, ya ce a kawar da yara. Sannan ya dubi yaronsa ya ce, "Kai kaɗai nake ji." Yana cikin shiga, rabin bodi a ciki rabi a waje, sai ka ji iska ta yi tsaki, ya ja birkin hannu ya sake saukowa ya zagaya dama. Mai inji ya ce masa, "Baba, ai da sauran wuri, taho kawai." Ya ce, "Alhaji, na yarda, amma bari idona ya gani." Ya duba, ya koma, ya ja gaba kaɗan, ya gyara, ya shiga. Tsakanin bodi da ginshiƙi bai fi kamu ɗaya ba, bai ko goge fenti ba.

Duk abin da ya yi, ba wanda yaro ɗan shekara biyu a sana'a bai sani ba. Abin da ya raba su ɗaya ne, shi dattijon ba ya jin kunyar sauka. A nan nake son in daɗe, don a ganina kunya ta fi rashin iyawa ɓarna a bakin sito. Saurayi ya samu mota sabon samu, ya zo ƙofa, ga 'yan dako sun zuba ido, ga sa'anninsa, wataƙila ga wanda suka yi yaron mota tare. Zuciyarsa tana raya masa cewa in bai shiga a ɗauka ɗaya ba za a ce bai iya ba. Ɗan kamasho yana daga can yana ihu, "Taho! Taho! Akwai wuri!" Motocin da ya tare wa hanya suna ta danna oda. Mai kaya yana duba agogo don yana son kasuwar gobe. A cikin wannan hayaniyar sai ya ji a jikinsa cewa gindin nan bai daidaita ba, amma ya danne, ya ci gaba, don ja gaba a sake ɗauka ya yi masa kama da faɗuwa. Sauri ya haifi nawa ke nan. Ka tuna, cikin masu ihun nan babu wanda zai biya katangar, babu wanda mai mota zai karɓe wa makulli, babu wanda zai kwana a wurin 'yan sanda. Da an ji ƙara za su watse, wasu ma su ne za su fara cewa dama sun ga take-takensa. Wanda ya sake ɗauka sau uku ya shiga lafiya, kafin a gama lodi an manta. Wanda ya rushe ƙofa kuwa, shekara goma ana kwatance da shi. Katanga ma da sauƙi, in ruwa ya zube ya bar tulu an gode Allah. Abin tsoron shi ne mutum.

Yanzu gare ka, yaron mota, don a harabar sito aikinka ya fi na maigidanka nauyi. Direba a ribas kamar makaho ne, kai ne ɗan jagora. Ka tsaya a baya ta hannun direba, nesa da taya, inda kake ganin fuskarsa a madubi. In ba ka ganin fuskarsa, shi ma ba ya ganinka. Kada ka taɓa shiga tsakanin gindin mota da bango, ko da na ƙiftawar ido, ko da don ka kawar da katako ne. Kada ka riƙa ja da baya ba ka san abin da ke bayanka ba, tuntuɓe guda ya isa. Ku shirya alamunku da oga tun kafin a ta da mota: wannan taho, wannan hagu, wannan dama, wannan tsaya, kuma alamar tsaya ta zama babba wadda ba ta kama da komai. Da dare ka haska hannunka ko ƙasa da tocila, kada ka dalle masa madubi. Waya kuma ta zauna a aljihu. Ƙa'idar da nake so ku kafa a duk inda kuka je ita ce, kowa yana da ikon cewa tsaya, amma mutum ɗaya ne ke cewa taho. Kai kuma direba, da zarar yaronka ya ɓace daga madubi, taka birki, kada ka ce ai yana nan.

Kafin taya ta motsa, ko shiga ko fita, a zagaya mota a sunkuya a leƙa ƙarƙashi. Kun fi ni sanin abin da ake samu a can. Da rana tsaka inuwar tirela ita ce inuwa mafi kusa, ɗan dako da ya gaji ya shimfiɗa buhu ya kwanta. Yara masu kalar hatsi suna bin abin da ya zube har tsakanin tayoyi, su kuma ba sa jin oda, hankalinsu na kan kwano. Oda ba ta maye gurbin sunkuyawa. Ka leƙa, ka kira, ka danna oda, ka ɗan saurara, sannan ka saki birki.

Waigi ma yana da ladabinsa. Na katako ne mai kyau, wanda ke tafiya da mota, ba dutsen da aka tsinta a gefen hanya ba. Ta ɓangaren gangara ake sa shi, ya manne da taya, kuma daga gefe ake miƙa shi, ba a tura hannu ko ƙafa gaban taya. Birkin waɗannan motoci da iska yake aiki. Motar da ta kwana, ko ta daɗe a tsaye ana lodi, iskarta tana iya zurarewa, don haka a jira geji ya hau, ƙarar gargaɗi ta ɗauke, kafin a motsa. A cikin haraba kuma, inji yana salo kana ta tattaka birki, iskar da kake zubarwa ta fi wadda ke shiga. A motar da birkinta ke da lafiya, in iska ta yi ƙasa tayoyi kamewa suke yi, ka tsaya cak a tsakiyar ƙofa ka tare kowa. A wadda aka yi wa gyaran jeka-na-yi-ka aka kashe wannan kariyar, babu abin da zai riƙe ta sai waigi. Ka san irin motar da kake bi.

Wani abin da ake mantawa, motar da ta shiga ba ita ke fitowa ba. Ta shiga wayam, ta fito da buhu 300 na masara. Murfin shaddar da ya ɗauke ta da safe yana iya ruftawa da yamma. Ƙasar da aka cike rami da ita bara, ko bakin lambatu da damina, in tayoyin gefe ɗaya suka nutse, kaya masu tsayi sai su rinjaya, kuma tirela mai kaya in ta fara kwanciya ba a tare ta. Tsayi ma ya ƙaru. Wayar wutar da kuka wuce ƙarƙashinta da shiga, yanzu tana iya kama tamfol. Ina roƙonka don Allah, kada ka yarda a ce ka hau saman kaya ka ɗaga waya da hannu ko da ɗanyen sanda. A rage layi ɗaya na buhu, ko a kira masu wuta, ko a sauya mafita.

Gajiya kuma tana da hannu. Wanda ya kwana yana tuƙi, ya ratso Falgore da sassafe, sa'ad da ya iso ƙofar sito ne idonsa ya fi nauyi, ga shi nan ne aiki ya fi son nutsuwa. Ya yi salla, ya sha shayi, ya ɗan kishingiɗa, ƙofa ba za ta gudu ba. Masu cewa ƙwaya tana ƙara kuzari, ku lura da su a ribas. Tiramol yana sa mutum ya ji ya iya, ya kuma rage masa auna tazara, abu biyun da suka fi komai haɗari a wuri mai matsi.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana aiki tun 1988, ga 'yan KAROTA a titunan Kano, amma duk a kan hanya suke. In ka shige ƙofar sito, daga kai sai yaronka sai Allah. Kuma kada wani ya yi saurin rufe maganar da cewa ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma addininmu bai bar kisan kuskure haka nan ba. A Suratun Nisa'i an ɗora diyya, an ɗora kaffara, wadda a zamaninmu azumin wata biyu ne a jere. Wannan ya isa ya nuna maka cewa wanda bai leƙa ƙarƙashin mota ba akwai tambaya a kansa.

Na san yadda da yawa ke koyo: oga ya yi barci, yaro ya zari makulli ya ce zai gyara wa mota tsayuwa. Wannan ba koyo ba ne, caca ce da dukiyar wani da ran wani. Ka yi biyayya, ka yi wanki, ka ɗaure tamfol yadda ya kamata, sannan ka fito fili ka ce, "Oga, ina son ka koya min ribas." Direbobi da yawa suna jin daɗin wannan tambayar, don su ma wani ne ya ɗora su. Ku nemi fili wanda ba kowa, da mota wayam, ku kafa tsofaffin tayoyi biyu a matsayin ƙofa. Ka fara da baya miƙe, har ka iya riƙe bodi a layi ɗaya. Sannan karyawa ta hagu. Ta dama ita ce ta ƙarshe. Kullum a ɗan matso da tayoyin. Ka kuma nemi lasisinka na gaskiya, na ajin motar da kake tuƙawa, wanda aka gwada ka kafin a ba ka. Abin da ka koya a wannan filin shi za ka tarar a Kasuwar Singa, inda 'yan kura da masu adaidaita ke kutsawa ta kowace kafa, da Dawanau ranar cika, da tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a Janairun 2023, inda kwantena mai ƙafa 40 za a ɗora maka.

Ba dukanku ne za ku zama direbobi ba. Wasunku hatsi za su saya, Allah ya buɗa musu, su gina sito ko su kafa inji a Tudun Wada ko Kafin Maiyaƙi. In ranar ta zo, kafin magini ya aza bulo na farko, ka kira direban tirela ya tsaya a filin ya nuna maka inda ƙofa za ta kasance da faɗin da take bukata. Ka janye ginin daga bakin titi, ka kai shadda can bayan gini inda taya ba ta zuwa, ka sa a ɗaga wayar wuta, ka yi wa masu tafiya a ƙasa ƙaramar ƙofarsu daban. Ka kuma yi wa 'yan dako rumfa, ko ta zana ce, su samu inuwar da ba ta ƙarƙashin mota ba.